Daren Da Ba A Nuna Mana Ba: Tarken Waƙar "Ƙafafu Cikin Wuta" Ta Conrad Ferdinand Meyer

Bahaushe kan ce baƙonka annabinka, kuma maganar ba ta yi masa nauyi a baki, domin yawancin masu yi masa sallama a ƙofar gida ba su taɓa cutar da shi ba. Waƙar da na zaɓa in tarka ta ɗauki wannan haƙƙi na baƙo ta kai shi inda ya fi ciwo. Marubucinta, Conrad Ferdinand Meyer, mutumin birnin Zurik ne ta ƙasar Suwizalan, an haife shi a 1825, ya rasu a 1898. Da Jamusanci ya yi ta, sunanta "Die Füße im Feuer", wato "Ƙafafu Cikin Wuta", kuma ta fito cikin diwaninsa na 1882. Waƙar labari ce marar amsa-amo, ta gina kanta a kan dare ɗaya tak a kudancin Faransa, zamanin da ake farautar 'yan Hugunot, wato Furotestan ƙasar, da sunan sarki da cocin Katolika.

Ga yadda labarin yake. Hadari ya rutsa da wani mahayi, manzon sarki da aka aika garin Nim, ya buga ƙofar wani gidan sarauta. Maigidan ya fito cikin baƙaƙen tufafi. Mahayin bai roƙi masauki ba, umarni ya bayar, yana nuna rigar sarki da ke jikinsa. Maigidan ya nuna masa cewa rigar ba ta dame shi ba, ruwan sama ne ya mai da shi baƙo, har ma ya tafi kula da dokinsa da kansa. Da baƙon ya zauna gaban murhu yana jin ɗumi, sai ya gane zauren. Shekara 3 da suka wuce ya zo nan farautar 'yan Hugunot, ya tambayi uwargidan inda mijinta ya ɓuya, ta ƙi faɗa, ya cusa ƙafafunta cikin wannan wutar, ita kuwa ba ta buɗe baki ba. Yaran gidan biyu sun shaida shi. Suka zuba masa ido a wurin cin abinci, ba wanda ya iya yin addu'ar da aka saba. Da zai tafi kwanciya ya waiga, ya ga yaron yana yi wa ubansa raɗa a kunne.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a karatun farko shi ne zaɓin da Meyer ya yi na idon da za mu kalli daren da shi. Wanda aka zalunta yana gidan, 'ya'yansa marayu suna gidan, amma mawaƙin ya kulle mu a ɗaki ɗaya da azzalumin. Da shi muka sa sakata, da shi muka duba bindiga da takobi, da shi muka kasa kunne muna jin ƙarar matakala da kukan iska, har barci ya sace shi ya yi mafarkin wuta ta cinye shi. Na daɗe ina ganin wannan kamar rashin adalci ne: me ya sa tsoron mai laifi zai cinye baitoci masu yawa, mai haƙƙi kuwa a bar shi a duhu? Sai da na koma ga wayewar garin na canja ra'ayi. Maigidan ya shigo ya tashe shi, amma ta wata ƙofar ɓoye da ke jikin bango. Ashe sakatar banza ce. Tun tsakar dare ran baƙon yana tafin hannun mutumin da ya kashe wa mata. Sannan ga shaida ɗaya da aka ba mu ta abin da ya faru a wancan ɓangaren bangon: gashin da jiya yake da duhu, yau ya yi furfura. Duk gwagwarmayar da mutumin ya yi da zuciyarsa an dunƙule ta cikin wannan hoto guda. Da Meyer ya shigar da mu ɗakinsa muka ji yana kai-komo yana addu'a, da mun sami wa'azi. Da ya hana mu, sai ya tilasta wa mai karatu ya auna nauyin daren da kansa.

Haka kuma wutar murhun ta fi ƙarfin a kira ta ado. Ita ce alamar karamci, domin don ta aka ce wa baƙo ya shigo, kuma ita ce makamin azaba. Hoton ƙafafu biyu suna motsi cikin garwashi yana ta dawowa a waƙar, ya tsaya a gurbin amshi. Shiru ma ya zama gādo a gidan: matar ta yi shiru a gaban wuta, yara sun yi shiru a gaban abinci, mijin ya yi shiru har gari ya waye. Mai yawan magana a waƙar shi ne mai laifi.

Sau da yawa akan karanta ƙarshen waƙar a matsayin yafiya, ni kuwa ban yarda ba. Da safe sun hau dawakai sun ratsa daji, rassan da hadari ya karya suna zube a hanya, can a fili ana huɗa. Baƙon bai tuba ba. Kallon gefen ido yake yi, ya yaba wa maigidan da hankali, ya tuna masa cewa shi bawan sarki mafi girma ne, wanda a gaskiya barazana ce aka naɗe da ladabi. Maigidan ya karɓi kalmar ya juya ta: shi ma bawan Sarki mafi girma ne, kuma bautarsa ta yi masa nauyi a daren nan. Ya faɗa masa ƙarara cewa shi ya kashe masa mata, sannan ya bar sakayya ga Allah, yana dogara da ayar da ke cikin Kubawar Shari'a 32:35 wadda Bulus ya maimaita a Romawa 12:19. Wanda ya ce "Allah ya isa" bai yafe ba, ƙarar ya ɗaukaka. Wannan mutum ya riƙe hannunsa, bai saki zuciyarsa ba, kuma a ganina darajar waƙar tana nan, domin ba ta yi mana ƙaryar cewa imani yana kashe raɗaɗi.

Duk da haka akwai wurare biyu da nake da ja. Na farko, matar. Ita ce jarumar gaske, shirunta ne ya tsirar da mijin da muke yabo, amma ba ta da suna, ba ta da kalma ko ɗaya, kuma ta idon wanda ya azabtar da ita muke ganinta, shi kuwa taurin kai ya kira jarumtarta. Ana iya cewa da gangan aka yi haka domin a nuna yadda azzalumi ke rage mutum ya koma gaɓa, na kuma yarda da rabin wannan hujja. Sai dai waƙar kanta ta ci riba da ragin, tun daga sunanta.

Na biyu, rabon alheri da mugunta ya yi tsafta fiye da yadda tarihi ya yi. Gaskiya ne 'yan Hugunot sun fi shan wuya: kisan daren Waliyyi Batalomi da ya fara a Faris ranar 24 ga Agusta 1572, da sojojin da aka riƙa saukewa a gidajensu tun 1681 don tilasta musu sauya aƙida, da soke Dokar Nant da Luwi na 14 ya yi a 1685, bayan kakansa Henri na 4 ya kafa ta a 1598. Amma a Nim ɗin nan da manzon ya nufa, Furotesta ne suka karkashe Katolika a 1567. Meyer, wanda shi ma Furotesta ne, ya san wannan fuska ta biyu, domin a ƙagaggen labarinsa "Das Amulett" na 1873 wani saurayi Bakatolike ne ya tsirar da abokinsa Furotesta a daren Batalomi, ya kuma rasa ransa a hargitsin. A waƙar ma ya yi taka-tsantsan: da rigar sarki mahayin ya gabatar da kansa, ba da coci ba, kamar ana so mu gane cewa mulki ne ya ari addini ya yi aikinsa. Amma wannan bai rufe gurbin ba. Mai karatu Furotesta zai fita daga waƙar yana jin nasa ne mai haƙuri, ba tare da an tambaye shi komai game da nasa hannun ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron. Ya ga abin da aka yi wa uwarsa, ya shaida mai laifin, ya yi abin da kowane ɗa zai yi, ya faɗa wa ubansa. Da safe uban ya ɗaura sirdi ya yi wa mutumin rakiya. Waƙar ta tsaya a bakin fili, ba ta bi maigidan zuwa gida ba, inda yara biyu cikin baƙaƙen tufafi ke jiran ya dawo ya yi musu bayani.