Jinjina ga matasan 'yan damben ƙauye

Da an gama girbin gero da dawa a ƙasar Kabo da Gwarzo, kalangu ya kan kira samari fili. Su nake jinjina wa yau, waɗanda ba su yi suna ba tukuna, amma hannunsu ya riga ya yi nauyi.

Dubi yaron da ya kwashe damina yana kafta fartanya. Ƙarfin kafaɗarsa daga gona ya fito, ba daga ɗakin motsa jiki ba. Idan ya naɗe hannu da zare, ya miƙa ɗayan yana auna abokin karawa, za ka ga haƙuri irin na mafarauci. Ba ya gaggawar jefa naushi. Yana jira ƙafar wancan ta goce, sannan ya saki. Bahago ma ya fi wahalar karantawa, domin naushinsa ta inda ba a zata yake zuwa. Turmi uku kacal gare shi ya nuna kansa.

Hanya a buɗe take. Daga filin ƙauye sai dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari a Kano, daga nan gidan damben Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, inda 'yan damben ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada suke sa zare, bidiyonsu na yawo a YouTube. Shahararren ɗan dambe Shago ma, da mawaƙi Ɗan Anace ya wasa, daga ƙauye ya taso.

Masu hali na Kabo, ku tallafa wa yaran nan da kuɗin mota da na magani.