Sharhi a Kan Jera Kalmomin Ingilishi Masu Nuna Baƙon Abu a Matsayin Ma'ana Ɗaya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi sharhi a kan wata hanya da ta daɗe da kama ƙasa wajen koyar da kalmomin Ingilishi, wato jera wa ɗalibi kalmomi masu kusancin ma'ana a ce masa ya ɗauki wadda ya ga dama. Don kada magana ta yi faɗi, mun taƙaita ga kalmomin da Bature ke amfani da su yau da kullum idan ya ga abin da bai saba gani ba, irin su strange da odd da peculiar da eccentric da weird da queer. Ra'ayinmu shi ne kowace daga cikinsu tana ɗauke da hukuncin mai magana a kan abin da ya gani, kuma jerin kalmomi ba ya nuna wannan hukunci.

2.0 Littafin Roget da Manufarsa

Tushen wannan hanya shi ne Thesaurus, littafin da wani likita ɗan Ingila, Peter Mark Roget, ya wallafa a 1852. Roget ya tsara kalmomi bisa tunanin da suke bayyanawa, ya kasa su manyan rukunoni 6, bai kuwa yi wa kalma fassara ba. Ya yi haka ne domin marubucin da ya riga ya san kalmomin, sai dai wadda yake nema ta shige masa duhu. Ga irin wannan mutum littafin taska ne. Amma ɗalibin da ya zo wa Ingilishi daga Hausa bai san kalmomin ba tukuna, balle a ce tuna masa ake yi. Tun kafin Roget, a 1816, George Crabb ya fitar da littafinsa a kan wannan fanni, inda yake ɗaukar kalmomi kaɗan ya bambance su da bayani da misalai. Abin takaici, hanyar Roget ce ta fi shiga aji, kuma ita ce yau take cikin kwamfuta da wayar hannu, inda ɗalibi zai taɓa kalma a zubo masa goma.

3.0 Abin da Jeri Yake Ɓoyewa

Bari mu ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Strange ta shigo ta Faransanci daga wata kalmar Latin mai nufin abin da ya zo daga waje. Ita ce ta fi kusa da baƙo a Hausa, kuma ba ta da zargi mai nauyi, domin mai magana yana iya nufin shi ne bai saba ba. Odd kuwa asalinta tsohon harshen mutanen Sikandinebiya ne, kuma har yanzu ita ake faɗa wa lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, da warin takalmin da ya rasa ɗan'uwansa. Ke nan tana nuna abin da bai shiga sahu ba.

Peculiar ta fito daga kalmar Latin mai nufin dukiyar mutum ta ƙashin kansa, wadda ita ma take da dangantaka da kalmar dabbobin kiwo. Shi ya sa take da fuska biyu. Idan aka ce wata al'ada ta keɓanta ga wasu mutane, da ita ake faɗa, ba tare da suka ba. Amma in aka jingina ta ga ɗanɗanon abinci ko halin mutum, to, akwai 'yar tuhuma a ciki. Eccentric daga Girkanci take, ma'anarta abin da ya goce daga tsakiya, kuma masana taurari sun yi amfani da ita kafin a ɗora wa mutane. Bature kan faɗe ta ga mutum mai bauɗaɗɗen hali wanda ake haƙuri da shi, har ma a yi masa murmushi.

Weird ta fi su doguwar tafiya. A tsohon Ingilishi ma'anarta ƙaddara. Shakespeare ya kira mayu uku na wasan Macbeth da ita wajen 1606, daga nan a ƙarni na 19 ta koma nufin abin da ke sa tsikar jiki ta tashi. A bakin matasa yanzu ta yi sauƙi ƙwarai, amma tana iya zama raini. Alal misali, a yaƙin neman zaɓen Amurka na 2024, Tim Walz, gwamnan jihar Minnesota a lokacin, ya siffanta abokan hamayya da ita, kuma kalmar ta bazu. Da strange ya ce, da maganar ba ta yi zafi haka ba.

Queer ce ta fi haɗari. Tsofaffin littattafan karatu suna amfani da ita a ma'anar abin da ya saɓa wa saba. Amma daga ƙarshen ƙarni na 19 ta zama zagi ga masu neman jinsi ɗaya, sa'an nan daga ƙarshen shekarun 1980 waɗansu daga cikinsu suka ɗauke ta suna kiran kansu da ita. Ɗalibin da ya tsinto ta a jeri ya siffanta malaminsa ko mai gidansa da ita a wasiƙa ya faɗi abin da bai taɓa nufi ba.

4.0 Hausa a Matsayin Tsani

Wani zai ce ai jarrabawa ce ta tilasta, tun da Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma tana tambayar kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana. Gaskiya ne, sai dai tambayar tana zuwa a cikin jimla, kuma abin da ake nema kusanci ne, wanda sai mai sanin bambanci yake iya aunawa. Don haka jarrabawar ma tana goyon bayan hanyar Crabb.

Har ila yau, ɗalibinmu ba baƙo ba ne ga irin wannan bambanci, domin yana yin sa kullum a harshensa. Ya san baƙon abu daban, abin al'ajabi daban. Ya san in aka ce abu ya yi bambaraƙwai, kamar namiji da suna Hajara, rashin dacewa ake nufi, kuma akwai dariya a ciki. Ya san mai cewa sabon salo, kiran salla da usur, suka yake yi. Babu Bahaushen da zai kira mu'ujiza bambaraƙwai don kawai duka biyu ba a saba ganinsu ba. Malamin da ya fassara wa ɗalibi kalmomin nan shida da "abin mamaki" kaɗai ya toshe masa wannan sani da ya zo da shi daga gida.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, ba mu ce a jefar da Roget ba, sai dai a ajiye shi har ɗalibi ya ƙosa. Muna ba da shawara ga masu horar da malamai su riƙa gabatar da kowace kalma da tambayoyi uku. Wa ya faɗa, kuma ga wa? Mamaki yake yi, ko tsoro, ko raini? A wane zamani aka rubuta littafin da aka samo kalmar? Daɗin daɗawa, masu tsara ƙamus na Ingilishi da Hausa su riƙa sa alamar gargaɗi a kan kalmar da ta sauya ma'ana, tare da misali a cikin jimla. Muna fata mahalarta wannan taro za su gwada wannan hanya a kan wasu rukunonin kalmomi, kamar na fushi da na tsoro, mu ga ko sakamakon zai zo daidai.