Darduma, takalmi da jikin ɗan wasa

Yau daga unguwar Yantala za mu ɗauko zaren.

A 1969 Jean Rouch ya ɗauki fim a wannan unguwa, na Yenendi, bikin roƙon ruwa na Zabarmawa. Mai goge na ja, masu ƙwarya na kiɗa, zima, wato jagoran bikin, na kirari, mai rawa na zagaya fage har takunsa da muryarsa su sauya. A wurin masu yin sa wannan ba wasa ba ne, ni ma ban kira shi wasa ba. Amma wannan sauyin jiki shi ya ɗauki hankalin masu horar da 'yan wasa a Turai. Peter Brook na Ingila ya yi amfani da wani fim na Rouch, na 'yan borin Hauka a Gana, wajen horar da 'yan wasansa a 1964.

Bai tsaya nan ba. Ƙarshen 1972 ya kwaso tawagarsa, suka keto Sahara, suka biyo Agadas da Damagaram har Kano. Ba dandamali, ba fitila, ba harshen da ya haɗa su da jama'a. Sai a shimfiɗa darduma a fili, a ajiye takalmi a tsakiya, ɗan wasa ya shigo ya nuna abin da zai iya da shi. Ya zagaye shi, ya ji tsoronsa, ya yi kwaɗayinsa. In jikinsa bai yi magana ba, shi ke nan. Grotowski na Folan ma haka ya koyar: a cire komai, a bar ɗan wasa da ɗan kallo.

To, mu nan ina aka baro mu? Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Yazi Dogo ta shahara ba tare da haddar rubutu ba. A zauna a tsara labari, a raba matsayi, magana ta fito a bakin ɗan wasa wurin gwaji. Wannan makaranta ce sukutum, kuma tamu ce.

Abin da ke damuna shi ne samarinmu masu ɗaukar barkwanci da waya. Fuska ta iya, baki ya iya, amma daga wuya zuwa ƙasa jiki barci yake. Na ga yaro mai basira ya fito a tsoho: muryar ta tsufa, ƙafafun kuwa na ɗan shekara ashirin, ya miƙe daga tabarma zumbur ko ƙasa bai dafa ba.