Allen Reynolds, Furodusan da Ya Iya Rage Kiɗa

Duk wanda ya taso yana jin rediyo a Nijeriya cikin shekarun 1980 ya san muryar Don Williams, ko da bai riƙe sunan mai ita ba. Murya ce mai kauri, a natse, ba ihu ba gaggawa. Ana jin ta a motar haya, ana jin ta a shagon tela, masu sayar da kaset kuma sun ci kasuwa da ita, tare da su Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton. Sai dai ba kasafai ake tambayar wane ne ya zauna a bayan gilashin situdiyo ya ce a bar kiɗan nan haka, kada a ƙara masa komai. A faifan Williams biyu na farko, na 1973 da na 1974, mutumin nan shi ne Allen Reynolds.

Waƙar kantiri, wadda Williams ke yi, ta fararen talakawan kudancin Amurka ce, amma cibiyar kasuwancinta birnin Nashville ne a jihar Tennessee, kuma can aikin a rabe yake. Mu da muka saba da irin su Shata, mutum ɗaya ya tsara waƙarsa ya rera abarsa, sai mu ga abin baƙo. A Nashville marubucin waƙa ma'aikaci ne a kamfanin da ke mallakar waƙoƙi; ya rubuta, a yi mata ɗaukar gwaji, dillalin kamfani ya zagaya da ita yana talla. Makaɗan situdiyo su ma sana'arsu daban, zama ɗaya awa uku ne bisa ƙa'idar ƙungiyarsu. Wanda ke tsakiya shi ne furodusa. Shi ke tankaɗe ɗaruruwan waƙoƙi ya fitar da goma, shi ke kiran makaɗa, shi ke cewa wannan ɗaukar ta yi ko a sake. Sunansa ƙanana ake rubutawa a bayan faifai, alhali sau da yawa kunnensa ne mai saye ke biya.

An haifi Reynolds a 1938 a jihar Arkansas, ya girma a Memphis, ya karanta Turanci a kwaleji a can. Abota da mutum biyu ce ta ja shi cikin harkar: mawaƙi Dickey Lee, da Jack Clement, wanda ya yi aiki a kamfanin Sun inda su Johnny Cash da Jerry Lee Lewis suka fara suna. Da Clement ya buɗe situdiyo a Beaumont ta jihar Texas, Reynolds da Lee suka bi shi, a nan kuma suka haɗu da wani saurayi, Bob McDill, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Nashville. Waƙa ba ta fara ciyar da Reynolds da wuri ba. Ya koma Memphis ya kama aikin banki, kuma a wannan zamanin ya rubuta "Five O'Clock World", kukan ma'aikacin da ke jiran ƙarfe biyar a tashi ya koma gida. Ƙungiyar The Vogues ta fitar da ita a 1965, ta hau har ta huɗu a jadawalin Billboard. A 1970 ya tattara ya koma Nashville wajen Clement.

Ya tarar da gari yana tashen kiɗa mai kauri. Tun ƙarshen shekarun 1950 su Chet Atkins da Owen Bradley suka sassauta kantiri don 'yan birni su saya, Billy Sherrill kuma ya kai abin ƙarshe: goge rututu, 'yan amshi jere, waƙa ta fara a hankali ta ƙare da ƙaraji. Salon ya yi kuɗi, ya kuma fitar da manyan faifai na Tammy Wynette da George Jones, ba mai musun wannan. Amma ba kowace murya yake karɓa ba.

Don Williams ya zo kamfanin Clement ne a matsayin marubuci, bayan ƙungiyarsu ta Pozo-Seco Singers ta watse. Shi da Reynolds suka riƙa ɗaukar waƙoƙi don tallata wa wasu mawaƙa, har aka ga babu wanda zai rera su kamar mai gwajin. Sai ƙaramin kamfanin Clement, JMI, ya fitar da su. A saurari "Amanda" ko "Come Early Morning", dukkansu rubutun McDill, a lura da abin da babu a ciki. Babu gungun goge. Ganga ba ta tsawa. Kenny Malone sau da yawa da tafin hannu yake bugawa a hankali, jitar Lloyd Green ta shigo ta amsa layi ɗaya ta ja baya, jitar bas tana tafe ƙasa-ƙasa. Muryar tana gaba, kusa da kunne, har ana jin inda ya ja numfashi. Wanda Turancinsa bai yi nisa ba ma yana iya tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya a raba wannan da karɓuwar da Williams ya samu daga Legas har Harare. Reynolds ya ba shi nasa rubutun ma: "We Should Be Together", da "I Recall a Gypsy Woman" wadda suka haɗa da McDill. JMI bai daɗe ba ya rufe, Williams ya koma ABC/Dot yana shirya faifansa da kansa, daga baya tare da Garth Fundis, wanda ya koyi aiki a wajen Clement. Salon dai bai canza ba har rasuwarsa a 2017.

Crystal Gayle matsalarta daban ce. Ƙanwar Loretta Lynn ce, kamfanin Decca kuma ya so ta zama kwafin yayarta, abin bai yi ba. Da ta koma United Artists a 1974 aka haɗa ta da Reynolds, ya rubuta mata "Wrong Road Again", ta shiga goman farko na jadawalin kantiri karo na farko. Babbar nasararsu kuwa ba rubutunsa ba ce. Ya ji "Don't It Make My Brown Eyes Blue" a wajen marubucinta Richard Leigh, ana shirin tura wa Shirley Bassey, ya tsaya kai da fata sai Gayle. An fitar da ita a 1977 da fiyanon Hargus "Pig" Robbins, makaho, wanda 'yan bugunsa na farko kaɗai sun isa a gane waƙar. Ta kai ta biyu a babban jadawalin Billboard, ta kawo wa Gayle kyautar Grammy, faifan da take ciki kuma ya zama na farko na wata mawaƙiyar kantiri da ya haura kwafi miliyan ɗaya. Masu ra'ayin gargajiya sun ce wannan ba kantiri ba ce, waƙar 'yan birni ce, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu ba. Wasu daga cikin faifan Gayle na baya sun yi laushi har sun rasa gishiri.

Akwai wani hali na Reynolds da ya fi kowanne bayyana irin furodusan da yake. Furodusa mai rubutu yana da kwaɗayi a gabansa kullum: ya cusa waƙoƙinsa a kowane faifai, ya ci kuɗin shiryawa, ya ci na rubutu. Reynolds marubuci ne na gaske, shi ya rubuta "Dreaming My Dreams with You" da Waylon Jennings ya rera a 1975, kuma an sa shi cikin zauren karrama marubutan waƙa na Nashville a 2000. Duk da haka, manyan waƙoƙin da suka ɗaga mawaƙansa yawanci na wasu ne, shi ya nemo su. "Eighteen Wheels and a Dozen Roses" ta Kathy Mattea, ta 1988, labarin direban tirela da ke tafiyarsa ta ƙarshe kafin ya yi ritaya, tana cikinsu.

Yawancin wannan aiki a wani tsohon gida aka yi shi a titin 16th Avenue, situdiyon Jack's Tracks da ya saya daga Clement a tsakiyar shekarun 1970. Nan Garth Brooks ya same shi, saurayi ɗan Oklahoma, suka yi faifan farko na 1989. Brooks ya so ya ajiye "The Dance", rubutun Tony Arata, wai ba ta yi kama da kantiri sosai ba. Reynolds ya matsa masa, ta shiga, ta zama waƙar da Brooks ke cewa ita ce ta fi kowacce a wurinsa. "No Fences" na 1990 ya haura kwafi miliyan 17 a Amurka kaɗai, "Ropin' the Wind" na 1991 kuma ya zama faifan kantiri na farko da ya fito ya zarce kai tsaye zuwa na ɗaya a jadawalin dukkan faifai.

Ana ɗora wa Brooks laifin mayar da kantiri wasan filin ƙwallo, da hayaƙi da igiya da fasa jita a kan dandamali. A dandamali haka ne. Faifan kuwa wani abu ne daban: makaɗa ƙalilan, kusan su ɗaya ne daga faifai zuwa faifai, su Chris Leuzinger a jita, Milton Sledge a ganga, Bobby Wood a fiyano, da injiniya Mark Miller. Lokacin da Brooks ya sa gashin ƙarya ya fito da sunan Chris Gaines a 1999 don gwada waƙar 'yan birni, Don Was ne ya shirya faifan, kuma masu saye ba su karɓe shi kamar na baya ba. A 2001 shi da Reynolds suka yi "Scarecrow". Da dattijon ya ajiye aiki, Brooks ya sayi gidan ya sa masa suna Allentown, faifansa na 2014 kuma Mark Miller ya ba wa ya shirya.