Mabuɗin Fim Ɗin Ɗalibai: Nazari a Kan "Afrique sur Seine"

Kowace magana ta fasaha tana da ƙofar shigarta. Mai tatsuniya ba ya somawa sai ya yi sallamar da yara suka sani, marubucin waƙa kuwa yakan fara da yabon Ubangiji kafin ya taɓa jigo. Haka al'amarin yake ga majigi. Abin da ido ya fara gani shi ke gaya wa mai kallo inda aka tsayad da shi, da kuma wanda ke yi masa magana. A wannan takarda za mu duba mabuɗin wani ɗan gajeren fim, domin mu ga abin da ya ƙunsa.

A shekarar 1955 ne Paulin Soumanou Vieyra, haifaffen Porto-Novo ta ƙasar Dahomey, wadda yanzu ake kira Benin, ya haɗu da abokansa Mamadou Sarr da Jacques Mélo Kane da Robert Caristan, suka shirya "Afrique sur Seine" a birnin Faris. Sa'an nan Vieyra bai daɗe da gama koyon aikin silima a makarantar IDHEC ba. Fim ɗin baƙi da fari ne, tsawonsa kamar minti 21, jigonsa kuwa zaman ɗalibai da sauran baƙaƙen fata a bakin kogin Sen.

Dalilin da ya sa suka yi shi a Faris ba ɓoyayye ba ne. Tun 1934, sa'ad da Pierre Laval ke ministan ƙasashen da Faransa ta mallaka, aka kafa doka cewa ba mai ɗaukar hoton majigi a waɗannan ƙasashe sai da iznin hukuma. Samarin nan ba su sami izni ba. To, ga matsala: suna so su fara da gida, ga shi an rufe musu ƙofar gida. Sai suka aro hotunan yara suna wasa a bakin kogi daga "Afrique 50", fim ɗin René Vautier, Bafaranshen da aka yanke wa ɗaurin shekara guda saboda wannan aiki, aka kuma hana nuna shi har fiye da shekara 40. Watau mabuɗin nan ba su ne suka ɗauke shi da hannunsu ba.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan aro a kan kasawa. Masu nazarin harshe sun san ma'anar kalma tana rataye da maƙwabtanta. Dubi kalmar "ci": wanda ya ci tuwo daban, wanda ya ci jarrabawa daban, wanda ya ci amana kuma daban. Hoto ma haka yake. A wurin Vautier yaran nan shaidu ne a ƙarar da ya kai mulkin mallaka. Da Vieyra ya sa titunan Faris a bayansu, sai suka zama ƙuruciyar da ɗalibi ya baro, kogin gida ya miƙa mai kallo ga kogin baƙunta. Ba a canja hoton ba, jumlar da ya shiga ce ta canja. Wannan ita ce gwanintar mabuɗin, kuma lalle ta isa yabo.

Amma akwai abu biyu da ba za mu rufe ido a kansu ba. Na fari, Afirkar da aka fara nuna mana ta yara ce da ruwa da wasa, ba babba, ba kasuwa, ba makaranta. Wannan kuwa ita ce siffar da masu mulkin mallaka suka fi so a gani, domin mai renon yaro ba a tambayarsa ranar da zai tafi. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji Hausawa. Na biyu, muryar da ke bayani a kan hotunan da Faransanci take magana. Yaran ana ganinsu, ba a jin harshensu. Saboda haka tun daga ƙofa an riga an zaɓi wanda ake yi wa magana, shi ne mai jin Faransanci, ba iyayen yaran ba.

Dokar Laval ta faɗi da samun mulkin kai a 1960. Ɗalibin yau kyamara tana aljihunsa, ba ya jiran iznin gwamna kafin ya ɗauki ƙofar garinsu. Sai dai sauƙin ɗauka ba ya ɗauke masa nauyin tambayoyi uku da wannan fim ya bari: me zan fara nunawa, me zan sa a bayansa, da wane harshe za a fara magana? Vieyra ya amsa ta biyu da fasaha, ta fari da ta uku kuwa hali ne ya amsa masa su. Wanda ba a tilasta wa ba, ba shi da wannan hanzari.