Dunduniyar Safa

Wani abokin aikina ya ga ƙanwarsa ta shafe mako biyu tana saƙa wa mijinta safa, sai ya ce wannan ɓata lokaci ne, tunda a Kantin Kwari za ta sayi dozin da kuɗin zaren kawai. Lissafinsa daidai ne. Amma da alama bai taɓa juya safar hannu ya dubi dunduniyarta ba.

Sana'ar tsohuwa ce. Safunan saƙa mafi daɗewa da aka tono a Masar suke, na auduga fari da shuɗi, daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, wasu har da zanen rubutun Larabci a jikinsu. A 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila, tun daga nan ake yi wa saƙar hannu jana'iza, ita kuwa ta ƙi mutuwa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya mata sun saƙa wa sojoji safuna ba adadi, kuma ɗinkin da ke rufe bakin yatsu ba tare da tudu ba har yau da sunan Kitchener ake kiransa, wancan dai da ya ci Omdurman a 1898.

Ƙwaurin safa ba abin yabo ba ne. Ido 64 a kan tsinke huɗu, a yi ta zagaye, ko mai koyo zai iya. A dunduniya ne ake gane gwana. Masaƙiya za ta ajiye rabin idanun, ta ɗauki 32 tana saƙa su gaba da baya, tana tsallake ɗaya tana saƙa ɗaya domin wurin ya yi kauri, don nan takalmi ke ci. Sai ta zo juyi: ta wuce tsakiyar layi kaɗan, ta haɗa ido biyu su zama ɗaya, ta juya ba tare da ta kai ƙarshe ba. Kowane layi yana cinye ido ɗaya daga gefe, har saƙar da ke shimfiɗe ta lanƙwasa da kanta ta zama ɗan ƙoƙo. Ba almakashi, ba ɗinki. Daga nan ta tsinci idanu a gefuna biyu, ta riƙa ragewa har su koma 64.

Masu son sauƙi sun fi yabon dunduniyar da ake sakawa bayan an gama safa, wadda Elizabeth Zimmermann ta yayata. Tana da sauri, ban musa ba, amma tana matse mai tudun ƙafa. Waccan ta farko kuwa ana ƙara mata layi ko a rage gwargwadon ƙafar mai ita.

Abin da ya fi jan hankalina ke nan. Hula ana iya saƙa ta da ka, a ba kowa. Safa sai an san ƙafar: tsawonta, faɗinta, ko tana kumbura da yamma. Mace mai kunyar surukinta ba za ta ce “Baba, miƙo ƙafarka” ba, sai dai ta faki ido ta auna takalminsa a bakin zaure da ɗani. Matanmu sun saba yi wa jarirai safa da kwarashi kafin suna, amma ƙafar jariri ba ta da wuyar sani, ba ta kuma taka ƙasa. Ta babba ce ke da kaushi da tarihi.

Kuma hula ta idon jama'a ce, safa kuwa a ɓoye take cikin takalmi. Ba a ganinta sai da asubar hunturu a ƙofar masallaci, nan ma ba mai tambayar wa ya saƙa. Za ta huje, shi ya sa ake zaɓar zaren ulu mai kashi 25 cikin ɗari na nailan. Ƙanwar abokin nawa ta ajiye ragowar zaren a gwangwani, tana jiran ranar da dunduniyar za ta dawo mata.