Jinjina ga Malaman Babin Ciniki

Malamanmu na zaure da na Islamiyya sun cancanci jinjina. Su ke karantar da babin ciniki cikin littafin Risala, su bambance wa ɗalibi halastacciyar riba da kuɗin ruwa, su koya masa tsoron cin amana. Tarbiyyar nan kan bi yaro har jami'a, ta sa ya nemi aikin da ba zai ci haram ba. Da bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, irin waɗannan ɗalibai aka buƙata.